Martani Ga Mai Cewa Man Kwakwa Maganin Kowace Cuta Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan man kwakwa, wadda ya cika ta da yabo tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, man kwakwa yana wanke jijiyoyin jini, yana narkar da teɓa, yana saukar da suga, yana dawo wa tsoho da tunaninsa, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta a cikin jiki. Ya shawarci kowane baligi ya riƙa shan babban cokali 3 kullum da safe kafin ya karya, ya kuma nemi matan gida su ajiye man gyaɗa su koma girki da shi. Ya rufe da cewa duk likitan da ya yi gargaɗi a kan wannan mai, ɗan amshin shatan kamfanonin Turawa ne.

Malam, da maƙalarka ta tsaya a kan shafawa, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tayar da ni shi ne sanin waɗanda za su fi saurin karɓar shawararka. Matashi mai jini a jika ba ya neman abin da zai wanke masa jijiya. Masu nema su ne dattijo mai hawan jini da kuɗin ƙwaya ya gallaba, da uwar gida mai ciwon suga da ta gaji da zaryar asibiti, da 'ya'yan da ke kallon mahaifinsu yana manta sunayensu. Waɗannan su ne mutanen da ƙarin kitse a jini zai fi yi wa illa, kuma su ne ka miƙa wa cokali. Don haka zan bi maganganunka ɗaya bayan ɗaya, in ba ka gaskiya a inda kake da ita, in kuma nuna inda ƙafarka ta zame.

Gaskiyarka ta farko tana kan fata. Duk wanda ya ga yadda hunturu ke mayar da ƙafar yaro furu-furu, ko yadda kaushi da faso ke tsaga dunduniyar mai aikin ruwa, ya san darajar mai mai riƙe danshi. Man kwakwa yana yin wannan aikin, kuma an gwada an gani. A ƙasar Filifin, wadda ke cikin manyan masu noman kwakwa a duniya tare da Indonesiya da Indiya, an yi wani gwaji a 2004 a kan masu bushewar fata, aka tarar man kwakwa ya yi kafaɗa da kafaɗa da man jarirai na kanti da ake tacewa daga ɗanyen fetur. A 2014 kuma, a can Filifin ɗin, an gwada shi a kan yara 117 masu cutar bushewar fata mai ƙaiƙayi da likitoci ke kira ezima, ya ma fi wancan man sauƙaƙa musu. A asibitocin Indiya da Pakistan an shafa shi ga bakwaini ƙarƙashin kulawar ma'aikatan jinya, aka ga fatarsu ta ƙara ƙwari, nauyinsu ya ƙaru. A kan gashi ma akwai binciken da aka yi a Indiya aka wallafa a 2003, wanda ya nuna yana ratsa silin gashi ya rage karyewa fiye da wasu mayukan, ko da yake masu binciken ma'aikatan wani kamfanin man gashi ne. Matan da ke shafa shi kafin kitso ba su yi asarar kuɗinsu ba.

Sai dai abin da ya yi wa fata daɗi ba lallai ne ya yi wa jini daɗi ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Kowane mai da muke ci haɗin kitse iri biyu ne: mai daskarewa da marar daskarewa. Ba sai an je ɗakin gwaji za a ga bambancin ba. A ajiye kwalbar man gyaɗa da ta man kwakwa a kan kanta ɗaya a daren hunturu a Zariya ko Jos. Da gari ya waye za a tarar man gyaɗa yana nan ruwansa, na kwakwa kuwa ya yi barci, ya koma fari fat, sai an sa cokali an kankaro shi, domin da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24 yake sandarewa. Dalili kuwa shi ne sama da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa kitse ne mai daskarewa. Man shanun Turawa na shafa wa burodi yana da kusan kashi 63, kitsen naman shanu kusan kashi 50, manja ma wajen kashi 50, man gyaɗa bai kai kashi 20 ba, man zaitun kuwa wajen kashi 14. Ke nan man da ka ce yana wanke jijiya ya fi kitsen tozo yawan irin kitsen da likitoci ke cewa a rage. Ba wai yana daskarewa a cikin jijiya ba ne kamar yadda wasu ke zato, domin zafin jikin mutum digiri 37 ne. Abin da yake yi shi ne ya sa hanta ta rage kwashe wani nau'in kolestarol da ake kira LDL daga cikin jini. Shi wannan LDL, in ya yi yawa, yana shiga bangon jijiya ya taru shekara da shekaru har hanyar jini ta ƙuntata. Ƙarshenta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Yuni na 2017 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta fitar da wani bayani da Farfesa Frank Sacks na Jami'ar Harvard ya jagoranci rubutawa. Sun duba gwaje-gwaje 7 da aka kwatanta man kwakwa da mayuka marasa daskarewa, a dukkansu man kwakwa ya ɗaga LDL. Na san za ka ce ai Amurkawa ne, ba sa noman kwakwa. To a 2020 masana daga Jami'ar Ƙasa ta Singafo, wadda ke zaune a tsakiyar ƙasashen kwakwa, sun tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi a kan mutane, suka auna. Sakamakon shi ne man kwakwa yana ɗaga LDL da kusan miligiram 10 a ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, idan aka kwatanta da irin su man zaitun da na waken suya. Ba su ga ya rage ƙiba ba, ba su ga ya rage faɗin ƙugu ba, ba su kuma ga ya saukar da suga ba. Alƙawura uku daga cikin biyar da ka yi wa mai karatu sun faɗi a bincike guda.

Ka kafa hujja da cewa man kwakwa yana ƙara HDL, wanda ake yi wa laƙabi da kolestarol mai kyau. Haka ne, binciken Singafo ma ya nuna yana ƙara shi da kusan miligiram 4. Amma likitocin zuciya sun daina ɗaukar hauhawar HDL a matsayin garkuwa. Kamfanin Pfizer ya taɓa kashe maƙudan kuɗi a kan wani magani mai suna torcetrapib, wanda ke ɗaga HDL sama da rabi. A watan Disamba na 2006 aka dakatar da gwajinsa a kan mutum kusan 15,000, saboda masu shan sa sun fi waɗanda ba sa sha mutuwa. Tun daga nan aka gane cewa lambar HDL ta tashi a takardar gwaji ba ta nufin zuciya ta tsira. Shi kuwa LDL, hujjojin da ke nuna rage shi yana rage bugun zuciya sun taru daga hanyoyi daban-daban, daga gwajin magunguna har zuwa nazarin iyalan da suka gaji yawansa a jini.

Akwai bincike ɗaya da ke goyon bayanka wanda ba ka ambata ba, ni zan ambata maka shi don kada a ce na ɓoye. A 2018 masana a Jami'ar Cambridge, tare da wani shirin talabijin na BBC, sun raba mutum 90 da 'yan kai gida uku, suka ba su giram 50 na man kwakwa ko man zaitun ko man shanu kullum har mako 4. Man shanu ya ɗaga LDL, amma man kwakwa bai fi na zaitun ɗagawa ba. Sakamako ne mai jan hankali, sai dai mutanen lafiyayyu ne, lokacin gajere ne, kuma su kansu masu binciken sun ce bai isa a canza shawarar da ake ba jama'a ba. Gwaji ɗaya na wata guda ba ya rinjayar tarin gwaje-gwajen da suka nuna akasinsa. Iyakar abin da za a ɗauka daga gare shi shi ne man kwakwa ba guba ba ne, kamar yadda wata farfesa ta Harvard, Karin Michels, ta kira shi a wata lacca a Jamus a shekarar. Ita ma ta wuce gona da iri. Tsakanin guba da magani akwai fili mai faɗi, a nan yawancin abinci yake zaune.

Mu yi lissafin cokalin da ka rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga baligi mai cin kalori 2,000, wannan giram 22 ke nan. Babban cokali ɗaya na man kwakwa yana ɗauke da kusan giram 12. Cokali 3 sun kai giram 35 ko fiye. Ke nan wanda ya bi shawararka ya zarce iyakar yini tun kafin ya sa loma a baki, ga kuma miyar manja da rana, ga man shanu a kan tuwon dare, ga tsire in hali ya yi. Ban da haka, kowane cokali kalori 120 ne. Mai neman rage teɓa ya ƙara wa kansa kalori 360 kullum a kan abincin da ya saba ci. Wasu ma tun a makon farko tashin zuciya da gudawa za su sallame su.

Hujjar da ka fi jingina da ita ita ce ta mutanen tsibiran tekun Pasifik, waɗanda ka ce kwakwa ce abincinsu amma ba su san ciwon zuciya ba. Labarin yana da tushe. A 1981 likita Ian Prior na ƙasar New Zealand da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan mutanen Tokelau da na Pukapuka. Mutanen Tokelau suna samun kusan kashi 63 na kuzarinsu daga kwakwa, na Pukapuka kusan kashi 34, kuma alamun ciwon zuciya sun yi ƙaranci a wurinsu. Haka Staffan Lindeberg na ƙasar Sweden ya tarar a tsibirin Kitava na Papua New Guinea daga 1989. Amma ka tsallake abubuwa biyu. Na farko, waɗannan mutane naman kwakwar suke ci da madararta, tare da dusarta, ba tataccen mai suke kurɓa da cokali ba. Sauran abincinsu kifi ne da 'ya'yan itace, a Kitava kuma doya da dankali da gwaza, babu sukari sai kaɗan, babu lemon kwalba, babu soye-soyen fulawa, kuma yini suke yi suna aikin ƙarfi. Na biyu, binciken Prior ɗin da kansa ya nuna mutanen Tokelau, da suka fi cin kwakwa, sun fi na Pukapuka yawan kolestarol da miligiram 35 zuwa 40. Ma'aikacin ofis a Kaduna da ke zaune daga safe zuwa La'asar, yana karyawa da shayi mai kauri da burodi, ba zai zama mutumin Tokelau don ya ƙara cokalin mai ba. Ya ɗauki ɓangare mafi nauyi na abincinsu ne kawai, ya bar duk abin da ke kare su.

Maganar narkar da teɓa kuwa, asalinta ruɗani ne tsakanin abubuwa biyu. Akwai wasu nau'o'in kitse masu matsakaicin tsayi da ake kira MCT, waɗanda ke wucewa kai tsaye daga hanji zuwa hanta a ƙone su da wuri. Dakta Marie-Pierre St-Onge, wadda ke koyarwa a Jami'ar Columbia da ke New York, ta yi bincike tun daga 2003 da ya nuna suna ɗan taimakawa wajen rage nauyi. Masu tallar man kwakwa suka ɗauki sakamakon suka manna wa hajarsu. Ita da kanta ta fito ta bayyana cewa mai na musamman ta yi amfani da shi, wanda aka haɗa daga MCT, alhali irin wannan kitse bai wuce kashi 13 zuwa 15 na man kwakwa ba. Kusan rabin man kwakwa wani sinadari ne mai suna lorik, wanda wasu ke lissafawa cikin MCT a takarda, amma in ya shiga ciki mafi yawansa hanyar sauran kitse yake bi.

Inda maƙalarka ta fi sosa min rai shi ne cutar mantuwa. Wannan zance ya bazu ne daga wata likitar jarirai a jihar Florida ta Amurka, Mary Newport, wadda mijinta ya kamu da cutar Alzheimer. A 2008 ta fara ba shi man kwakwa, ta ce ta ga sauƙi, ta kuma rubuta littafi a kai a 2011. Babu mai shakkar ƙaunarta ga mijinta ko kyawun niyyarta. Amma cutar mantuwa tana da ranakun sauƙi da ranakun tsanani, kuma idon mai jinya yana ganin abin da zuciyarsa ke fata. Shi ya sa ake gwada magani a kan mutane da yawa, ba tare da sun san wanda aka ba na gaske ba. An fara irin wannan gwaji a wata jami'a a Florida, aka dakatar da shi saboda ƙarancin masu shiga. Mijin nata ya rasu a 2016 da cutar a jikinsa. Ƙungiyoyin da ke kula da masu wannan cuta a Birtaniya da Amurka har yau matsayinsu shi ne babu isasshiyar hujja. Iyalin da ke jinyar tsoho sun cancanci a faɗa musu wannan, kafin su karkatar da kuɗin abincinsa da na maganin hawan jininsa zuwa kwalaben mai.

Batun kashe ƙwayoyin cuta ma haka yake. Gaskiya ne sinadarin lorik da wani da ake samu daga gare shi suna kashe wasu ƙwayoyin cuta idan aka haɗa su a faranti a ɗakin gwaji. Sabulu ma yana kashe su a faranti, amma babu mai zazzaɓin taifot da ke jiƙa sabulu ya sha. Abin da ya shiga baki sai ya bi ta ciki da hanji da hanta, a narkar da shi a sarrafa shi, kafin wani abu ya kai jini. Babu wani gwaji mai ƙarfi da ya nuna shan man kwakwa yana warkar da taifot, ko tarin fuka, ko ciwon hanta, ko cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ya bar maganin tarin fuka na wata 6 ko ya yi wasa da maganin ƙanjamau saboda ya karanta cewa akwai man da ke kashe ƙwayoyin cuta, ransa ya sa a caca.

Zargin da ka yi wa kamfanoni yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan raina shi ba. Mutumin Kano da ya san yadda aka gwada maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba ya buƙatar a koya masa taka-tsantsan. A kan kwakwa ma, a shekarun 1980 ƙungiyar manoman waken suya ta Amurka ta yi kamfe a kan mayukan ƙasashe masu zafi, wani attajiri kuma mai suna Phil Sokolof ya sayi shafukan jaridu a 1988 yana zargin kamfanonin abinci da sa wa Amurkawa guba. Kamfanoni suka bar man kwakwa da manja suka koma man da aka daskarar a masana'anta da iskar haidirojin, daga baya aka gano ya fi su illa, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin hana shi a 2015. An gudu ba a tsira ba. Amma ka lura, waɗanda suka tona asirin wancan man su ne masanan abinci na jami'o'in da kake zargi, da irin gwajin jinin da ya nuna matsalar man kwakwa. Ba zai yiwu ka karɓi ma'auninsu ranar da ya yi maka daɗi, ka yi watsi da shi ranar da ya saɓa maka ba. Kuma man kwakwa shi ma haja ce mai iyayen gida da 'yan talla. A 2016 jaridar New York Times ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi, ta tarar kashi 72 cikin 100 na Amurkawa suna ɗaukar man kwakwa abinci mai gina lafiya, alhali kashi 37 ne kawai na masanan abinci suka yarda. Talla ce ta haƙa wannan rami tsakaninsu.

Ko a wajen shafawa, inda na ba ka gaskiya, ka bar gargaɗin da bai kamata a bari ba. Ka ce a shafa shi a ƙuna. Sabuwar ƙuna ruwa mai sanyi take so, a zuba mata har tsawon minti 20, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti in ta yi girma. Mai kowane iri ne yana riƙe zafi a cikin nama. Ka ce yana kare fata daga rana. Gwaje-gwaje sun sa ƙarfin kariyarsa ƙasa da 10 a ma'aunin SPF, wasu ma kusa da 1, alhali likitocin fata 30 ko fiye suke nema. Ga 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda rana ke jawo musu cutar dajin fata, wannan kuskure ne mai iya cin rai. Jariri kuma ba a ɗura masa mai a baki ko a ɗiga masa a hanci, domin in ya sarƙe man ya gangara huhu yana haddasa wani nau'in ciwon huhu mai wuyar sha'ani. Cibiyar jariri maganin kilohezidin da ake bayarwa a asibiti take buƙata, ba mai ba. Kunnen da ke fitar da ruwa ba a zuba masa mai, don wataƙila dodon kunnen ya huje. Mai fama da ƙurajen fuska zai iya ganin sun ƙaru, saboda man yana toshe ƙofofin gashi. Ma'auratan da ke amfani da kwaroron roba kuma su sani cewa mai yana cinye robar cikin ɗan lokaci har ta yage. Kurkure baki da shi bai maye gurbin asuwaki ko buroshi da man goge baki ba.

Ka kuma yi shiru a kan abin da ke cikin kwalbar. Kwakwa ba amfanin gonar Arewa ba ce, daga irin su Badagiri ta jihar Legas da ƙasashen gaɓar teku ake kawo ta, shi ya sa man kwakwa ya fi man gyaɗa tsada nesa ba kusa ba. Masu yin sa a gida suna kankare kwakwar su markaɗa, su tace madarar ta kwana, su kwashe abin da ya taso su dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙone. In an yi da tsabta, mai ne mai kyau da ƙamshi. In aka yi gaggawa ruwa ya rage a ciki, ba a jimawa yake canza wari. Da yawa ana ɗura shi ne a tsofaffin robobin ruwa, babu suna, babu ranar da aka yi shi, kuma abu mai tsada ba ya rasa masu yi masa algus. Wanda ke da lambar NAFDAC ma, mai karatu ya juya kwalbar ya duba ƙananan rubutun. A jikin kayan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi akan rubuta cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lambar shaida ce cewa an duba ba zai cutar nan take ba. Haka nan jera shi a kanta ɗaya da zuma da habbatussauda a shagon magungunan Musulunci bai ba shi wata daraja da ba shi da ita ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ka nemi matanmu su ajiye man gyaɗa. Ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano har duniya ta san da ita, inda mata ke tuƙa tunkuza su matse mai su soya ƙuliƙuli a kowace unguwa, ita ake ce wa ta bar mai mai ƙarancin kitse mai daskarewa ta sayi wanda ya ninka shi sau huɗu a wannan kitsen, da tsada kuma. Kusan rabin man gyaɗa irin kitsen da ya sa ake yabon man zaitun ne. Man riɗi da na waken suya ma suna cikin marasa daskarewa. Ƙasar Finland ta nuna abin da irin wannan zaɓi ke yi. A 1972 aka fara wani shiri a lardin Karelia ta Arewa ƙarƙashin likita Pekka Puska, lokacin da mazajensu ke cikin waɗanda suka fi mutuwa da ciwon zuciya a duniya. Aka ja hankalin mutane su rage man shanu su koma man tsirrai, su rage gishiri da taba. Cikin shekaru kusan 40, mutuwar mazaje masu shekarun aiki daga ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Matsalar man gyaɗa a wurinmu tana wajen sarrafa shi ne: gyaɗar da ta yi fumfuna, da algus, da man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Da a kan waɗannan ka yi rubutu, da ka amfani mutane.

Mai lafiya da ke son ƙamshin kwakwa a shinkafarsa ko a alawarsa jefi-jefi, ya ci abinsa, babu laifi. Mai bushewar fata ya shafa, mai gashi ta shafa. Amma mai hawan jini, da mai suga, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da wanda ciwon zuciya ke bin danginsa, kada ya mayar da shi abin sha, kada kuma ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa saboda shi. Wanda ya riga ya ɗauki watanni yana sha, ya je a auna masa kitsen jini, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha.

Kai kuma Malam, alƙalaminka yana da masu bi, kuma da yawansu ba za su ga wannan martani ba. Ina roƙonka ka koma inda ka fitar da maƙalar ka janye abubuwa uku: shawarar shan cokali 3 kullum, da alƙawarin warkar da suga da mantuwa, da kiran a bar man gyaɗa. In kuwa kana da gwajin da aka yi a kan mutane wanda ya nuna masu shan man kwakwa sun fi sauran tsira daga bugun zuciya, ka kawo sunan masu binciken da shekarar da adadin mutanen da aka gwada, mu duba tare a gaban masu karatu. Wanda ya ce abu magani ne, a kansa hujja take.